Yadda Muka Kafa Rumbu a Gidan Haya a Agege

Mafi yawan abincin da ake ci a Legas ba a Legas ake noma shi ba. Wake da gero da dawa da albasa da tumatir da shanu sai sun yi tafiyar kusan kilomita 1,000 a bayan tirela kafin a sauke su a Mile 12 ko Iddo ko mayankar Oko-Oba, kuma mu Hausawan Agege mun fi kowa sanin haka, domin 'yan uwanmu ne suke lodin kayan, su ne suke tuƙa motocin, su ne kuma suke sauke su. Duk da wannan sanin, yawancinmu da cefanen yau da na gobe muke zaune, ni ma haka gidana ya daɗe. Abubuwan da suka biyo bayan juna cikin shekaru kaɗan su ne suka sauya mini tunani. A ranar 30 ga Maris 2020 aka kulle Legas saboda annobar korona. A watan Oktoba na wannan shekarar aka sa dokar hana fita lokacin zanga-zangar EndSARS. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha da ke Ibadan, ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu, cikin 'yan kwanaki tumatir da albasa suka gagari mai ƙaramin ƙarfi. A farkon 2023 kuma takardar naira ta ɓace daga hannun jama'a, mutum yana da kuɗi a banki amma mai awo ba ta karɓar tiransifa. Dalilan sun bambanta, sai dai a madafa abu ɗaya suka haifar: uwargida ta duba sito ta tarar abin da ke ciki ba zai kai Juma'a ba.

Bayan wahalar kuɗin 2023 muka zauna da maiɗakina muka yanke shawarar cewa da zarar kaka ta yi za mu fara tara abincin da zai riƙe gidan ko da hanya ta toshe. Kafin in sayi ko ƙwaya ɗaya sai da na kawar da wani abu da ya tsaya mini a rai, domin wani abokin majalisa ya ce mini abin da nake shirin yi ɓoye abinci ne, kuma addini ya hana. Na tambayi limamin masallacinmu bayan sallar isha'i. Ya ce: "Malam, abin da aka hana shi ne ɗan kasuwa ya kwashe abinci daga kasuwa lokacin da jama'a suke cikin buƙata, ya ƙulle shi har ya yi tsada. Tanadi don iyali kuwa ya tabbata a Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ajiye wa iyalansa abincin shekara." Ya ƙara da cewa in saya lokacin yalwa, kada in saya lokacin da ake rububi. Wannan sharaɗi na addini ya zo daidai da abin da lissafin aljihu yake nema.

Matakin farko awo ne, kuma maiɗakina ce ta yi shi. Mu bakwai ne a gidan: ni da ita, yara huɗu, da ƙanena da ke koyon sana'a a wurina. Ta ɗauki littafi ta riƙa rubuta duk abin da ya shiga tukunya na tsawon wata guda, derika nawa na shinkafa, nawa na wake, kwalba nawa ta mai. Na so in fara da abin da muke ci a zahiri, domin abincin da yara ba sa ci ranar walwala ba za su ci shi da daɗi ranar tsanani ba, kuma zai zauna a sito har ya lalace. Daga baya na gwada lissafinta da ma'aunin da hukumomin agaji suke amfani da shi, wato kalori 2,100 ga mutum a rana, wanda yakan zo kusan giram 400 na hatsi, da wajen giram 60 na wake, da kimanin giram 25 na mai, da ɗan gishiri. Ga mutum bakwai, hatsi kaɗai ya kama kilo 2.8 a rana, wato kilo 252 a kwana 90, buhu biyar ke nan masu kilo 50. Wake ya kama kusan kilo 38, mai kuma wajen lita 17. Da yake akwai ƙananan yara a cikinmu, lissafin uwargida ya ɗan gaza wannan, sai muka tsaya a kan na hukumomin don a sami rara saboda baƙi, waɗanda gidan Bahaushe a Legas ba ya rabuwa da su.

Wannan lissafi shi ne ya sauko da ni daga burin abincin shekara. Buhu ashirin ba su da wurin zama a gidan haya mai ɗakuna uku, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfina. Muka tsayar da wata uku a matsayin manufa, da niyyar a fara cika na wata ɗaya tukuna.

Zaɓen abin da za a ajiye ya ɗauke mu muhawara. Ni tuwo nake so, don haka zuciyata tana kan gero da dawa da masara. Ita kuwa ta kawo hujjar da ban iya kaucewa ba. Ta ce: "Baban yara, ranar da aka hana fita ko aka kwana uku babu wuta, wa zai buɗe maka injin niƙa?" Gaskiya ce. Hatsi a ƙwayarsa yana daɗewa, amma sai an surfa an niƙa kafin ya zama abinci. Gari kuwa, musamman na gero, yana da maiƙo a cikinsa wanda ke sa shi ɗaci cikin ɗan lokaci, ga shi yana jan danshi. Shinkafa da wake da taliya da garin rogo ba sa neman inji, daga sito sai tukunya. Saboda haka muka raba buhunan biyar: uku na shinkafa, ɗaya na gero, ragowar kuma dawa da masara da garin rogo. Muka sayi ƙaramin turmi da taɓarya a nan kasuwar Agege, da injin niƙa na hannu irin wanda ake ɗaurewa a bakin tebur. Gyaɗa kuwa na cire ta gaba ɗaya, masara ma na taƙaita ta, domin su biyun ne fumfuna mai haifar da gubar aflatoksin ta fi kamawa idan suka sami danshi, gubar da ba ta mutuwa da dafuwa kuma take lalata hanta a hankali. A garin da iska take ɗauke da ruwa kusan duk shekara, ban ga hikimar ajiye su na dogon lokaci ba.

Kuɗin sayen ya fito ne daga hanyoyi biyu. Maiɗakina tana cikin adashin matan unguwa, sai ta roƙi a ba ta kwasar watan Disamba. Ni kuma tun daga damina na riƙa ƙara abu ɗaya a kan cefanen kowane mako daga cikin abubuwan da ba sa lalacewa kuma farashinsu bai dogara da kaka ba: gishiri, sukari, kanwa, ashana, sabulu, taliya, tumatirin gwangwani. Manyan kayan kuwa muka jira su. Gero da masara suna shigowa tun wajen Satumba da Oktoba, wake da dawa da sabuwar shinkafa sai Nuwamba zuwa Disamba, kuma daga nan zuwa Janairu hatsi ya fi araha, ya kuma fi bushewa saboda hunturun arewa ya bi ta kansa. Wanda ya sayi abin ajiya a Yuli ko Agusta ya sayi tsohon kaya da tsada, watakila ma wanda aka riga aka zuba wa magani.

Shinkafa a Daleko na saye ta, wake a Iddo, gero da dawa kuma wani ɗan uwa ya auno mini daga gida aka ɗoro a motar da ke kawo kaya Agege. A wurin mai wake na fi daɗewa. Na sa hannu har tsakiyar buhu na ɗebo, na duba ko akwai ƙananan fararen ɗigo a jikin ƙwayar, waɗanda su ne ƙwan ƙwari, na shinshina, sannan na ciza. Busasshen wake yana fashewa da ƙara, mai danshi kuwa haƙori yana nutsewa a cikinsa. Na ce: "Alhaji, don Allah gaya mini gaskiya, an sa masa magani? Yara ne za su ci." Ya ce wannan sabon kawowa ne, ya kuma nuna mini wani layin buhuna ya ce waɗancan kada in ɗauka don ajiyar gida. Na ji daɗin wannan amana. Da na koma gida na yi gwajin gishiri a kan kowane irin hatsi: a zuba busasshen gishiri cokali biyu a busasshiyar kwalba, a ƙara hatsin, a rufe, a girgiza sosai, a bar shi ɗan lokaci a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin yana da sauran ruwa kuma sai an ƙara shanya shi. Abin da ake nema shi ne danshin da bai wuce kashi 13 cikin 100 ba.

A nan ne ainihin aikin yake, kuma a nan ne ilimin da muka taso da shi yake buƙatar gyara. Da na faɗa wa mahaifiyata a waya abin da nake yi, ta yi murna, ta ce: "Ɗan nan, ka cuɗa waken da toka ko busasshen barkono, ka shimfiɗa ganyen darbejiya a ƙasa." Haka suka yi shekara da shekaru kuma ya yi musu aiki, domin rumbun ƙauyenmu yana tsaye ne a ƙasar da take yin wata shida ko bakwai babu ɗigon ruwa, kuma gero a daminsa ake jera shi, a zangarniyarsa, yana shan busasshiyar iska. Legas tana da damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba da Oktoba, ga teku da tafki kewaye da gari, ga zafi da ba ya sauka. Hatsin da ya iso a bushe ƙarau idan aka bar shi a buhun da iska ke ratsawa zai sha danshin ɗakin a hankali har ya koma abin da fumfuna da ƙwari suke so. Abin da yake ceton hatsi a arewa shi ne ya sha iska; a nan kuwa sai an raba shi da ita gaba ɗaya.

Hanyar da muka bi ita ce toshe iska. Ƙwarin wake tun daga gona yake zuwa: uwar tana ɗora ƙwanta a jikin wake, tsutsar ta huda ta shiga ciki tana ci, cikin kusan wata ɗaya ta fito cikakken ƙwaro ta sake yin nata ƙwan. Shi ya sa buhun da aka saya tas yake komawa huji da gari bayan wata uku ko huɗu ba tare da wani ƙwaro ya shigo daga waje ba. Amma idan aka cika mazubi da wake aka toshe shi yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin da ke ciki da kansu za su shanye ɗan oksijin ɗin da ya rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Danshin waje ma ba shi da hanyar shiga. Babu magani, babu guba.

Na sayi jarkoki masu lita 25 daga wurin masu sayar da man girki, na kuma tabbatar cewa mai ne kaɗai ya taɓa zama a cikinsu, domin jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko sinadari ba ta da wankin da zai mayar da ita ta abinci. Muka wanke su da ruwan zafi da sabulu, muka kife su a rana kwanaki har sai da babu ɗigo ko ƙamshin mai a ciki. Waken da geron muka sheƙe, muka tsince, muka baza su a kan baƙar leda a rana mai ƙarfi a farkon Janairu, lokacin da ɗan hunturun Legas yake kaɗawa. Akwai wani abu ƙarami a nan da yake da muhimmanci: ba a zuba hatsi a mazubi da zafinsa, sai an shigo da shi inuwa ya huce, in ba haka ba zai yi gumi a ciki, wannan gumin kuma shi ne farkon lalacewa. Da mazurari muka riƙa durawa, ƙanena yana jijjiga jarkar don ƙwayoyin su zauna, har ta cika zuwa wuya, saboda duk sararin da aka bari iska ce da ƙwari za su rayu da ita. Sai a ɗora leda mai kauri a baki, a murɗa murfin a kanta da ƙarfi, a rubuta sunan abin da watan da aka zuba a jiki. Kowace jarka ta ɗauki kusan kilo 20, don haka biyu suka ishe mu na wake.

Dawa da masara kuma muka sa su a buhun PICS, wanda masana jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tun asali don ajiyar wake, kuma manoman arewa da dama sun san shi. Leda biyu masu kauri ne a ciki da buhun saƙa a waje, ana matse iskar kowace leda a murɗe bakinta a ɗaure ta daban. Yana da kyau kuma yana ɗaukar kaya da yawa, sai dai ga gida na fi son jarka, saboda dalilai biyu: ɓera yana iya huda buhu amma jarka tana ba shi wuya, sannan duk lokacin da aka buɗe mazubi sabuwar iska ta shiga, don haka gara ƙananan mazubai da za a buɗe ɗaya a cinye shi, sauran suna nan a toshe. Shinkafa ta shiga manyan durom na roba masu murfi mai ƙarfen matsewa.

Maƙwabta biyu sun ba ni shawarar in huta da wannan wahala in jefa ƙwayar da ake kira bom a cikin buhu, ko in yayyafa maganin ƙwari. Na ƙi, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan ya ƙi. Ƙwayar tana fitar da iskar guba da ke iya kashe mutum a rufaffen ɗaki, an yi ta ne don manyan ɗakunan ajiya da ke nesa da inda ake kwana, a hannun waɗanda suka san aikinta. Maganin da ake yayyafawa kuwa, sinadarin da ke cikinsa shi ne dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya tun 2015, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan zuba shi a abinci. Sitonmu bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin yara.

Wurin ajiyar ɗan ƙaramin sito ne da ke bayan madafa. Muka jera bulo, muka ɗora katakai a kai, don kada komai ya taɓa siminti, wanda yake tsotso danshi daga ƙasa, kuma don ko ruwan Yuli ya shigo tsakar gida kamar yadda yakan yi a unguwanni da yawa, kayan suna sama. Muka bar tazarar tafin hannu tsakanin kaya da bango, muka toshe ramukan ɓera da siminti, muka sa raga a taga. Ban yi shelar abin da ke sitona ba, amma tun farko muka ware jarka ɗaya ta gero da rabin buhun shinkafa da sunan maƙwabta, domin na san idan tsanani ya zo ba zan iya ɗora tukunya ina jin kukan yaran ɗakin da ke kusa da nawa ba, kuma gara a sa wannan cikin lissafi tun da wuri.

Kayan miya sun fi hatsi saurin gajiya. Kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi da garin barkono sun zauna lafiya a kwalaben gilashi masu murfi, an ajiye su inda haske ba ya kaiwa. Daddawa da busasshen kifi da kauɗa ba sa jure daminar Legas, don haka su ba ma wuce na wata ɗaya zuwa biyu, kuma duk ranar da rana ta buɗe sai uwargida ta fito da su. Man gyaɗa da manja muna riƙe na wata uku ne kawai, ana ci ana mayarwa. Madarar gari da kayan gwangwani ana bin kwanan watan da ke jikinsu.

Abin da yake riƙe tsarin duka shi ne littafin uwargida. Daga sito muke cin abincinmu na kullum, wanda ya fi daɗewa shi ake fara buɗewa, kuma duk jarkar da ta ƙare ana wanke ta a rubuta ta cikin waɗanda za a cika. Farkon kowane wata nakan shiga in duba murafai, in leƙa ƙarƙashin katakai don kashin ɓera, in shafa bango. Jarkar wake ta biyu sai cikin damina muka buɗe ta, lokacin da waken kasuwa ya cika da huji, muka same shi sumul, sai 'yan matattun ƙwari a wuyan jarkar. A 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, mu kuma muna cin abin da muka saya da farashin kaka. A 2025 farashin hatsi ya sauko, har abin da muka ajiye ya fi na kasuwa tsada. Ban ɗauki wannan asara ba, domin ban tara don in sayar ba.

Wuta da ruwa su ne ɓangaren da har yanzu ban gamsu da shi ba. Na ƙara tukunyar gas ta biyu wadda ba a taɓa ta sai ta farko ta ƙare, da buhun gawayi da kurfoti, kuma mun saba jiƙa wake tun dare don ya rage cin wuta. Ruwa kuwa lissafinsa yana da nauyi. Gidanmu, kamar gidaje da yawa a Agege, da rijiyar burtsatse yake rayuwa, ita kuma sai da lantarki ko janareta, idan suka tsaya sai 'yan ga-ruwa. Ma'aunin agaji na lita 15 ga mutum a rana yana nufin lita 105 ga gidana, wato durom mai lita 200 ba zai cika kwana biyu ba. Abin da na iya yi shi ne durom biyu da na keɓe don sha da girki kaɗai, ana juya ruwansu a kai a kai, da maganin tsarkake ruwa mai sinadarin kulorin, da indararo da zan tari ruwan sama da shi don wanka da wanki idan damina ce. Na yi magana da mai gidan hayar a kan mu haɗa kuɗi da sauran 'yan haya mu kafa ƙarin tanki a bayan gida, ya ce zai duba bayan an biya kuɗin hayar sabuwar shekara. A kakar da ke tafe kuma mun shirya rage masara, mu ƙara jarka ɗaya ta wake da ɗaya ta gero, uwargida ta riga ta sake neman kwasar Disamba.